Sallau Ba-Komai a Kasuwar Jak

Jiya da rana tsaka, lokacin da masu hankali ke neman gindin bishiya, Sallau direba ya yi wani mafarki. Ba a kan gado ya yi shi ba, ba kuma a kan tabarma a zaure ba. A ƙarƙashin motarsa ya yi shi, cikin tashar Malumfashi, motar kuwa tana tsaye ne a kan taya uku da jak ɗaya.

Sai ka san Sallau kafin ka gane mafarkin. Ba-Komai ake ce masa a tasha, kuma shi ya jawo wa kansa sunan. Farar bas gare shi, yana jigilar Kano, amma fasinja ba su kai rabin abin da yake ɗauka ba. Saƙo ne ya yi masa katutu. Duk mai 'ya a Kurna, ko suruka a Rijiyar Lemo, Sallau ne gidan wayarsa. Buhun masara, jarkar man gyaɗa, turmi da taɓarya, keken ɗinki, har ƙofar ƙarfe an taɓa ba shi. Mai saƙo zai ce, "Ɗan wannan ne kawai, ba shi da nauyi." Sallau ya ce, "Ba komai." An taɓa taka masa ƙafa a sahun sallar Juma'a, mai takawar bai kai ga ba da haƙuri ba Sallau ya riga shi da ba komai.

Jak ɗin kuwa ɗan ƙarami ne, ja, irin mai murɗawa, gadon wata 'yar ƙaramar mota da ya fara tuƙi da ita tun yana saurayi. Motar ta daɗe da komawa hannun 'yan gwangwan, jak ya rage. A jikinsa an buga tan ɗaya ɓaro-ɓaro, amma Sallau bai taɓa tsayawa ya yi wa rubutun kallo na biyu ba. Matarsa Hansai ta yi magana har bakinta ya gaji.

"Malam, wannan abin da bai fi maburgi ba shi zai riƙe maka uwar motar nan?"

"Ke dai ba ki san mota ba," in ji shi. "Jak jak ne. Ni da shi mun san juna."

To jiya an gama rabin lodi ke nan tayar baya ta sace. Da wani direban ne, da sai ya sauke kaya kafin ya ɗaga mota. Sallau ya dubi buhunan, ya dubi masu buhunan suna tsaye suna kallonsa, kunya ta hana shi. Ya kafa jak a kan rairayi, ya saka masa ɓarin bulo a gindi, ya murɗa har jijiyar wuyansa ta fito. Isuhu mai faci ya gangara da taya rumfarsa, ya ce injin iska ya ƙi tashi, sai a ɗan jira. Rana ta take, ko'ina ka duba inuwa da mai ita. Sai gogan naka ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar, ya yi matashi da takalmansa, ya rufe fuska da hular da Hansai ta ɗinka masa da hannunta, ya miƙe, ƙirjinsa saitin ƙarfen da aka cire wa taya. Ka ji mutum!

Bayan motar kuma a buɗe yake. Duk wanda ya zo da saƙo sai ya leƙa ya ce, "Sallau, ga ɗan wannan," ya ɗora. Daga ƙasa murya ta fito cikin barci, "Ba komai." Jak ya ce ƙiiit.

A nan mafarkin ya fara.

Ya ga kansa yana tuƙi, amma motar tana tsaye cak, titi ne ke gudu a ƙarƙashinta. Garuruwa su ke zuwa su tsaya a gefen hanya suna ɗaga hannu. Gwarzo ta tsayar da shi ta ce Kano za ta, ya ce ta matsa ciki. Kujeru duk kaya ne a zaune. Wani buhun masara ya kama gidan gaba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana ƙorafin zafi. Fasinja kuwa an ɗaure su a saman mota da igiya, suna ta hirarsu lafiya lau. Sallau bai ga abin mamaki a ciki ba. Abin da ya dame shi kawai turmi bai ɗaura bel ba.

Can sai ya ji ana ƙwanƙwasa masa gilashi. Ya leƙa, ya ga tayar baya ce. Ta kwance notinanta da kanta ta ƙulle su a bakin zane.

"Na yi yaji," in ji ta.

"Haba ke kuwa, a tsakiyar hanya?"

"Tun yaushe nake sanƙo ba ka kula ba? Gidanmu za ni."

Ta gangara ta shige cikin gonar dawa ba ta ko waiwayo ba. Motar ba ta faɗi ba, don motocin ƙasar mafarki suna da kara. Ta dai ɗage ƙafar ta ce masa, "Zan jira ka samo mai riƙe ni. Amma kada ka daɗe, ƙuguna ya fara tsami."

Sallau ya laluba ƙarƙashin kujera ya ciro jak ɗinsa. Yana ajiye shi a ƙasa jak ya yi gyaran murya irin na tsofaffi.

"Sallau, kafin ka murɗa ni, karanta goshina."

"Tan ɗaya."

"Madalla, ashe ka iya karatu. Ita motar fa, nawa ce?"

"Ba komai."

"Ni duk zamana a duniya ban taɓa jin awon da ake kira ba komai ba," in ji jak. "Taso in kai ka kasuwa ka samu daidai kai. Ni na tsufa, haƙoran zarena duk sun cinye."

Sai ga su a kasuwa.

Kasuwar jak ce, amma ba mutane ke sayen jak ba. Jak-jak ne zaune a kan bencina suna shan iska, direbobi kuma an jera su a kan buhu kamar kankana. Jak zai zo ya ƙwanƙwasa kan direba da ɗan yatsa, ya kasa kunne, in ya ji fanko ya wuce. Dillalin kasuwar wani jan ƙadangare ne cikin babbar riga, kome aka faɗa sai ya gyaɗa kai. Yana ganin Sallau ya rungume shi.

"Ɗan'uwa! Labarinka ya daɗe da zuwa mana. Ni da kai sana'armu ɗaya, ni da kai nake yi, kai da baki."

Ya ja hannunsa ya fara kai shi gaban wani dogon jak mai tayoyi, irin na gareji, ya miƙe a ƙasa kamar kada yana shan hantsi. Kadan nan ya buɗe ido ɗaya.

"A kan me za ka tsayar da ni?"

"Rairayi, ranka ya daɗe. Amma akwai ɓarin bulo."

Kadan nan ya rufe idon.

Daga nan sai gaban wata ƙatuwar jak mai kwalba, gajera, mai ƙiba, tana kurɓar baƙin mai a kofin shayi. A goshinta an rubuta tan biyar. Ƙadangare ya raɗa masa cewa Hajiya Mai Kwalba ke nan, ta riƙe motocin shanu ba ta ko yi gumi ba, ya kama bakinsa da kyau. Sallau ya durƙusa ya kwashi gaisuwa. Ta amsa a daƙile, ta dube shi sama da ƙasa.

"Yaro, motarka in ba kaya nawa take?"

"Wallahi Hajiya ban taɓa ganinta ba kaya ba."

"To in da kaya fa?"

"Ya danganta da wanda ya zo."

"Wa ke zuwa?"

"Kowa."

Hajiya ta ajiye kofi. "Mu nan jak ba ta auren motar da ta kai ƙarfinta cif-cif. Sai da rara. In mota tan uku ce da kayanta, mai tan uku ma sai ta yi shawara da danginta. Kai kuma ka ɗauko ɗan tsohon nan mai tan ɗaya ka jibga masa gari guda. Kana sauke kaya kafin ka ɗaga?"

"Masu kayan suna kallo, Hajiya."

"Kana sa weji a sauran tayoyin?"

"In na samu dutse."

"Kana tokara ta da kututture, ko da jak zai gaji?"

"Bai taɓa gajiya ba."

Ɗan jan jak da ke gefensa ya yi tari.

"To in ka ɗaga ta, ka cire taya," in ji Hajiya, "kai ina kake zama ka jira?"

Sallau ya yi murmushi, don yana ganin a nan kam zai burge. "A ƙarƙashi. Inuwar wurin ta fi ko'ina sanyi."

Wata jak ta toshe wa 'ya'yanta kunne. Kadan nan ya buɗe idanu biyu. Ƙadangare kansa, da bai taɓa daina gyaɗa kai ba tun da aka haife shi, wuyansa ya ƙage.

"Innalillahi," in ji Hajiya Mai Kwalba. "A kai shi ma'auni."

Sai ga su a ma'auni.

Sikeli ne mai faranti biyu, an rataye shi a jikin gajimare da igiyar guga. Aka ɗora motar Sallau a faranti ɗaya, ta sauka ƙasa daram. A ɗaya farantin aka fara ɗora tankin ruwan tasha. Shiru. Aka ƙara rumfar mai shayi da mai shayin a ciki, yana ta fifita wuta bai san an ɗauke shi ba. Shiru. Aka ɗora tashar gaba ɗaya da 'yan kamashonta suna ihun Kano mutum ɗaya. Farantin motar ko gezau bai yi ba. Aka aika a ɗauko ranar kasuwa, aka ce tana Funtuwa sai jibi.

Buhun masaran gidan gaba ya leƙo ta taga ya ce, "Direba, wai za mu tafi ne ko kuwa?"

"Ba komai," in ji Sallau.

Ƙadangare ya share gumi ya juya wajen jak-jak ɗin da suka biyo su kallo. "To jama'a, ga direba. Wa zai ɗauka?"

Ba wanda ya motsa. Kadan nan ya ce yana da baƙi. Hajiya Mai Kwalba ta ce ita dai za ta iya, amma ba za ta zauna da mutumin da bai san nauyin gidansa ba, ranar da ya sani ya zo ya same ta.

"Shi ke nan," in ji ƙadangare, yana gyaɗa kai cikin tausayi. "Dokar ƙasar nan a fili take. Direban da jak ya ƙi, shi ne jak. Kawo goshinka mu ga tan nawa ne kai."

Aka ture masa hula baya, aka tofa yawu aka goge goshin da bakin riga. Aka kawo fitila duk da rana ce. Babu rubutu ko ɗigo.

"Kai, wannan garaɓasa ce!" wani ya yi ihu daga baya. "Ba a rubuta masa iyaka ba. A yi shela, mai kaya ya kawo!"

Sai ga shi a ƙarƙashin mota.

Sun durƙusar da shi a kan rairayi, ɓarin bulo a ƙarƙashin gwiwarsa, ƙarfen motar a kan kafaɗarsa. Ƙadangare ya soka masa hannun murɗawa a kunne, cikin ladabi, ya ce ya yi haƙuri da sanyin ƙarfen. Ya fara murɗawa. Sallau ya ji kansa yana tashi kaɗan-kaɗan, motar tana tashi tare da shi. Da farko har daɗi ya ji, ya ce a ransa ashe aikin ba wuya, tsohon nan raki ne da shi. An ajiye ɗan jan jak a gefensa, ya naɗe ƙafafu yana kallo kamar ɗan fansho.

Sai layi ya kafu, tun daga nan har inda ido ya ƙare.

Na farko wani dattijo ne ɗauke da rijiya a ka. "Sallau, a kai wa ɗana a Kurna, ruwansu ya ɗauke. Rami ne kawai, ba shi da nauyi."

"Ba komai."

Aka ɗora rijiya. Gwiwar Sallau ta ce ƙiiit.

Wata mata ta kawo faɗan da suka yi da maƙwabciyarta tun bara, a naɗe cikin leda, ta ce a kai wa yayarta ta ji. Wani ya kawo inuwar kukar ƙofar gidansu, ya ce ita kukar za ta biyo wata motar. Wani manomi ya kawo damina guda, tana ɗiga. Wani malamin makaranta ya kawo hutun ƙarshen zango, ya ce a kula kada ya ƙare a hanya. Kowa da bakinsa ɗaya: ɗan wannan ne kawai. Kowa kuma bakin Sallau ya ba shi amsa ɗaya, tun kafin Sallau ya yi shawara da shi.

Ɓarin bulon ya fara nutsewa cikin rairayi. Kafaɗarsa ta karkace gefe guda. Gumi ya shiga idonsa, ba hannun sharewa. Yanzu kam ya so ya ce a'a. Wallahi ya so. Ya tattaro kalmar tun daga cikinsa, ya turo ta har maƙogwaro, tana isowa haƙori sai ta juye ta fito ba komai. Ya sake gwadawa, haka. Bakin ya saba hanya ɗaya kamar tsohuwar motar haya.

"Baba," ya ce wa jak ɗin, da ƙyar. Bai taɓa ce masa Baba ba sai yau. "Yaya ake cewa a'a a ƙarƙashin nan?"

"Ai kana ta faɗa," in ji jak. "Ba ka ji gwiwarka ba?"

Gwiwa ta ce ƙiiit.

"Ita ke nan. Mu ba mu da wata. Tun ranar da ka sayi bas ɗin nan nake faɗa maka ita, duk tayar da ka canza. Kai kuma sai ka ce in an sa mini baƙin mai zan yi shiru."

Kunya ta kama Sallau, irin wadda ba ta taɓa kama shi a gaban masu kaya ba. Ya so ya sunkuyar da kai, mota ta hana.

Ta tsakanin ƙafafun masu layi sai ya hango ƙofar gidansa, an dasa ta a tsakiyar titi. An shimfiɗa tabarmi a waje. A ciki ga Hansai zaune a ƙasa, ta lulluɓe da wani tsohon mayafi, ba kwalli ba ɗankunne, hularsa a cinyarta ta zama faifai. Mutane suna shiga ɗaya bayan ɗaya, kuma duk ya san su, masu saƙonsa ne.

"Hansai, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Sallau, mutumin kirki, bai taɓa ce wa kowa a'a ba."

Ta ce, "Amin."

"To yanzu wa zai riƙa kai mana saƙo?"

Hansai ta shafa hular, tana neman inda za ta sa hannu ta buɗe ta, babu.

A nan dariyar mafarkin ta ƙare wa Sallau. Tsoro ya shige shi har ƙashi, da wani baƙin ciki mai ɗaci. Ya ƙwala mata kira, ya ce ga shi nan, bai mutu ba, yana riƙe da mota ne kawai. Abin da ya fito daga bakinsa ba komai ne. Hansai ta ɗago kamar ta ji, ta sake sunkuyar da kai.

Layi ya ƙare saura mutum ɗaya. Inna Yalwa ce, tsohuwar nan mai daddawa ta bayan tasha, tana tafe da sandarta a hankali. A hannunta ɗan ƙullin daddawa ne da bai cika tafi ba.

"Alhamdu lillahi," in ji Sallau a ransa. "Wannan kam da gaske ba shi da nauyi."

Ɗan jan jak ya miƙe tsaye, ya kaɗe rairayin jikinsa, ya matsa can nesa.

"Baba, ina za ka?"

"Wannan ne," in ji jak. "Kullum irin wannan ne."

Inna Yalwa ta ɗaga ƙullin. Ƙadangare ya ɗauko murfin kwano da cokali ya fara bugawa don a shaida, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Hajiya Mai Kwalba ta kau da kai. Ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Sallau ya buɗe ido cikin duhun hula.

Ƙarar ba ta tsaya ba. Ya janye hular daga fuskarsa ya ajiye gefe, ya juya kai. Hansai ce durƙushe a rana, nesa da motar, da kwallinta da ɗankunnenta da mayafin unguwa, tana buga cokali a murfin kwanon abincinsa. Gidan barka za ta, ta biyo ta ajiye masa shinkafa da wake. Ta ƙi kiransa da ƙarfi kada ya zabura ya bugi ƙarfe, ta ƙi kuma taɓa motar ko da gefen mayafi.

"Malam," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Fito. A hankali. Kada ka dafa komai."

Ya dubi gefensa. Jak ɗin ya karkace kamar mai ruku'u, ɓarin bulon ya tsage biyu, rabi ya shige rairayi. Ƙarfen motar da ya bari sama da ƙirjinsa da kamu guda yanzu har yana shafar aljihun rigarsa. Jak ya ce ƙiiit, a hankali, kuma wannan karon Sallau ya ji abin da ya ce.

Ya ja jiki da baya kamar maciji, ya bar hula da takalma a wurin. Ya fito ya miƙe tsaye ba takalmi a rairayi mai zafi, bai ko ji zafin ba. Bayan motar ya cika har rufi, kayan da bai san lokacin da aka ɗora su ba, har da wata tsohuwar firiji kwance a kan buhunan.

Kuma ga Inna Yalwa a bayan motar, da sandarta, da ƙullin daddawarta.

"Sallau ɗana, ɗan wannan ne kawai, a kai wa jikata a..."

"A'a!"

Tashar gaba ɗaya ta juyo. Mai shayi ya tsaya da kofi a sama. 'Yan kamasho suka yi shiru a tsakiyar Kano mutum ɗaya. Ba wanda ya taɓa jin kalmar nan daga wannan bakin. Sai dai kash, wa ya taɓa jiran amsar Sallau kafin ya ɗora? Inna Yalwa ta riga ta ajiye ƙullin a kan firiji tun tana cikin magana.

Jak bai ce ƙiiit ba. Ya kwanta kawai. Motar ta zauna da gindinta, rim, ƙura ta tashi, firiji ta zamo ta bugi ƙofa, wata jarka ta fashe man gyaɗa ya fara bin rairayi. Da ƙurar ta lafa, aka leƙa. Ƙarfen ya sauka a tsakiyar kwalin, daidai inda ƙirjin mutum yake ɗazu. Gefen hular kaɗai ke leƙowa, ta zama faifai.

Hansai ta zauna daɓas a ƙasa da kayan unguwarta. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi ihu ba, hawaye ne kawai ke zuba tana kallon gefen hular nan. Sallau ya dube ta, ya ga zaman da ya gani a mafarki.

Inna Yalwa ta yar da sanda ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ni Yalwa! Daddawata ce? Ɗana ka yafe ni, wallahi ba ta da nauyi!"

Kowa ya zuba wa Sallau ido, an san abin da zai ce. Bakin ma ya buɗe da kansa zai kama tsohuwar hanya. Sallau ya rufe shi, ya haɗiye, ya sake buɗewa.

"Inna, ba laifinki ba ne. Amma yau kam akwai komai." Ya juya wajen masu kaya. "Kowa ya zo ya sauke nasa. Mai firiji ya fara."

Aka yi cirko-cirko, sannan aka fara saukewa ana gunaguni. Sallau ya durƙusa ya jawo jak ɗin daga ƙarƙashi, ya lanƙwashe, zaren ya tsinke. Ya goge masa rairayi da bakin riga, a wurin da aka buga tan ɗaya, ya daɗe yana kallo. Isuhu mai faci ya iso yana gangaro da taya, ya ce an gama, a ɗaga a ɗaura.

"Da me?" in ji Sallau.

Ya saɓa jak ɗin a kafaɗa, ya nufi layin masu kayan gyara ba takalmi ba hula. Hansai ta share ido da mayafi ta ɗaga murya.

"Ina kuma za ka, abincin fa?"

"Wajen Hajiya Mai Kwalba."

"Wace ce kuma Hajiya Mai Kwalba?"

"In na dawo da ita kya gan ta. Tan biyar ce."

Hansai ta bi shi da kallo, ta tabbata rana ta taɓa shi. Ta rufe kwanon, ta ce wa bayansa, da ƙarfi yadda duk tasha za ta ji, "Hula dai sai ka saya a kasuwa. Ni na gama ɗinka wa ƙarƙashin mota."